Ba Tsufa Ne Ya Kayar Da Ke Ba, Inna

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukata, mahaifiyar mijina, wadda mu 'yan gida muke kira Inna, mutanen kan tsauni kuma suke kira Ungozoma Mai Keke. Shi Ya ba mu ita, Shi Ya karɓi abinSa, mu ma duk can muka nufa. Wannan ba mu ja da shi ba, ba kuwa za mu ja ba. Ta rasu tana da shekara sittin da 'yan kai, a bayan motar wani mai sayar da lemo, ana hanyar kai ta asibiti, bayan da tifar wani kamfanin fasa dutse ta banke ta a kan hanyar kekuna. Hanyar nan ita da kanta ta buɗe ta, kuma a ƙa'ida ko babur bai kamata ya hau ta ba.

Na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi, Inna, irin wadda za a karanta a yi ajiyar zuciya a shafa addu'a. Na zauna na gwada, hannuna ya ƙi. Abin da ya hana ni shi ne sanarwar da ofishin yawon buɗe ido ya bayar a rediyo washegarin rasuwarki, muna zaune a falo ko kofunan masu gaisuwa ba a gama kwashewa ba. Cewa suka yi wai wata dattijuwa ta kasa riƙe kekenta saboda tsufa, ta faɗa gaban mota, don haka suna jan hankalin tsofaffi su riƙa sanin iyakar ƙarfinsu. Mijina, ɗanki na fari, ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya fita tsakar gida. Sun kashe ki da sakaci, sa'annan suka ɗauki laifin suka jibga a kan gawarki, don sun san ba za ki tashi ki musa ba. To ni ina da rai, kuma na san ki.

Ranar da aka fara kai ni in gaishe ki, na sha ado, na haddace gaisuwata tun daga gida, ina tsammanin zan tarar da tsohuwa a zaune tana jiran a durƙusa mata. Sai na tarar da mace a tsugune a tsakar gida, ta kifa keke tayoyinsa a sama, hannuwanta baƙi ƙirin da mai. Na durƙusa zan fara gaisuwa, kika ce, “Yauwa, tunda kin sauko, riƙe mini nan.” Kika ɗora mini sarƙa a tafin hannu. Haka na koma gida da tabon baƙin mai a hannun rigata, tabon da har rigar ta mutu bai fita ba. Ɗanki ya yi ta ba ni haƙuri a hanya. Bai san ni daɗi nake ji ba, don duk fargabar da na kwaso a kan uwar miji, a wajen sarƙar nan na ajiye ta.

Amma ban san ko ke wace ce ba sai lokacin haihuwata ta fari. Ke kika karɓi haihuwar, kuma yaron bai zo da rai ba. Jikanki ne na fari. Na ga hannunki bai yi rawa ba, kika wanke shi, kika naɗe shi, kika kawo mini shi na gan shi da kyau, alhali wasu na cewa a ɓoye mini. Daga baya Baba, mijinki, ya gaya mini cewa da kika koma gida, bayan ɗaki kika zagaya kika yi kukan da bai taɓa jin kin yi irinsa ba. Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne, bayan na yi makonni a ɗaki, labule a sake, ba na ci sai an matsa mini, sai ga ki kin turo ƙofa.

“Tashi, 'yata,” kika ce. “Na kawo miki keke.”

“Inna, ai ban iya ba.”

“Na sani. Da kin iya, me zai kawo ni?”

A filin bayan makaranta kika koya mini. Mace mai shekara hamsin da wani abu, kina riƙe da bayan sirdi, kina bi na da gudu, kina cewa in daina kallon ƙafata in kalli inda za ni. Na faɗi, na tashi, na sake faɗi. Ranar da na shige cikin shingen mutane da keke da komai, na fito da ganye a kaina, kika zauna a ƙasa kina dariya har da hawaye, ni ma sai na ji dariya ta kuɓuce mini. Ita ce ta farko tun bayan da na binne ɗana. Ba ki taɓa ce mini in manta da shi ba. Cewa kika yi, “Ƙafafunki dai lafiyarsu lau. Mu fara da su, sauran jikin zai biyo baya.”

Aikin ungozoma kika yi duk tsawon ƙuruciyarki, a wani ɗan ƙaramin asibiti a kan tsauni, inda ƙauyuka suke warwatse, wani a gangare, wani a ƙetaren kogi, wani a can sama inda mota ba ta zuwa. Keke ne ƙafarki. Jakar aiki a ɗaure a baya, famfo da kayan faci a gefe, ki hau inda ake hawa, ki sauka ki tura inda ba a hawa. Da kika yi ritaya, Baba ya ɗauka ya samu abokiyar hira a shagonsa na ɗinki. Ina! Yakan ce shi da ke duk masu keke ne, sai dai nasa ya fi naki tarbiyya, don bai taɓa barin gida ba. Ke kuma ki ce ai shi ya sa ya kwashe shekaru yana taka nasa, ko ƙofar shago bai kai ba.

Abin da ya hana ki zama shi ne tsofaffin garuruwan bakin kogin nan da kike gani suna mutuwa a tsaye. Garuruwa ne masu daɗaɗɗen tarihi, da ganuwarsu ta dutse, da ƙofofi ƙanana waɗanda jaki da kaya sai ya karkata kafin ya shige, da lunguna da aka shimfiɗe da duwatsun da sawun mutane ya goge har suna sheƙi. Tun da aka yi babban titi ya zagaye tsaunukan, ba mai bi ta cikinsu. Samari suka tafi, shaguna suka rufe, aka bar tsofaffi a bakin ƙofa suna kallon ciyawa tana tsirowa a kasuwa. Kika ce ke kin san hanyar da za ta haɗa garuruwan nan duka ba tare da an taka titin mota ba, don ita kika bi shekara da shekaru. Kika ɗauki gwangwanin fenti mai ruwan ɗorawa, kika shiga zana kibiya a jikin duwatsu.

Duk wanda ya bi hanyar nan ya san abin da nake nufi. Tana farawa daga gindin gari ta bi bakin kogi, inda inuwa take da sanyi har da rana tsaka. Daga nan ta hau tsohuwar hanyar jirgin ƙasa wadda aka daɗe da kwashe ƙarafunanta, ta riƙa hawa a hankali har sai mutum ya ji cinyoyinsa suna zafi. Idan aka kai ƙoli, sai ƙasa ta buɗe gaba ɗaya: ga koguna suna haɗuwa a can ƙasa, ga rufin gidaje jajaye a cikin ganuwa, ga hasumiyar tsohon gari wadda agogonta ya tsaya tun kafin a haife mu. A nan kike sa kowa ya sauka ya sha ruwa, kuma ba kya barin a yi magana sai numfashi ya dawo. Sai gangare, sai tsohuwar gada, sai wurin da dole a ɗora kekuna a kwalekwale a ƙetare. Tsohon da ke tuƙa kwalekwalen ya riga ya ja shi kan tudu ya kife, ke kika je kika zauna masa har ya mayar da shi ruwa.

Ba a banza hanyar ta samu ba. Na tuna manomin kan gangare da ya tare ta da ƙaya, wai masu kekuna suna firgita masa awaki suna tsinkar masa 'ya'yan itace. Kika je, ya ɗaga murya har maƙwabta suka fito. Ke kuwa kika jingine keke, kika zauna kina taya matarsa tsince albasa har ya gaji da faɗa. Sa'annan kika ce, “Malam, mutanen nan in sun kawo nan ƙishirwa suke ji. Ka ajiye tebur da randa a bakin hanya, abin da suke tsinka a ɓoye su saya a fili.” Yau teburin nan ya zama rumfa mai rufin kwano, kuma mutumin nan ya fi kowa kuka a wajen jana'izarki. Na tuna matar marigayi mai burodi a tsohon gari, wadda ta rufe tanda tun rasuwar mijinta. Kika riƙa kai mata baƙi da safe, kina ce musu a nan ake samun burodi mafi daɗi a duk yankin, alhali tandar a sanyaye take. Kunya ta sa ta hura wuta. Yanzu 'yarta da ta tafi birni ta dawo suna aikin tare, har sun gyara ɗakunan sama ana kwana. Mai faci ya buɗe rumfa a gindin hawa, mai shayi ya kafa teburinsa a bakin hanyar. Babu wanda kika taɓa karɓar ko allura a hannunsa.

Sai da hanyar ta yi suna, baƙi suka fara zuwa daga nesa, 'yan jarida suka ɗauki hotuna, sa'annan ofishin yawon buɗe ido ya tuna akwai tsaunuka a yankinsa. Suka zo da manyan alluna, suka buga taswira mai sheƙi, suka kafa rumfa suka yi bikin buɗe hanyar da aka daɗe ana bi. Ina wurin. Aka jera kujeru, aka yi jawabai, aka gode wa wannan aka gode wa wancan, ke kuwa kina tsaye a rana riƙe da kekenki, ba wanda ya ce miki ga wuri. Raina ya ɓaci, na ce mu tafi. Kika ce, “Ki bar su su ɗauki hotonsu, 'yata. Ni turaku nake so.” Abin da kika roƙa ke nan, shi kaɗai: a kafa turakun ƙarfe a kowane bakin hanyar, yadda keke zai wuce, mota ba za ta wuce ba. Suka kafa. Kika dawo gida kina murna kamar an ba ki sarauta.

Bara aka ba wani kamfani izinin fasa dutse a bayan tsaunin da ke saman tsohuwar gada. Motocinsu suna da hanyarsu, babban titin da ya zagaye tsaunin, amma yana da nisa. Hanyar kekuna kuwa yanke ce. Wata safiya mai faci ya fito ya tarar babu turaku, an tuge su, an cike ramukan da tsakuwa. Allon da ke can sama, wanda ya ce mota ba ta shiga, shi ma an cire shi. Ba ɓarayi ba ne suka yi wannan. Ɓarawo ba ya tsayawa ya cike rami.

Kin yi ta zarya ofishin yawon buɗe idon nan, Inna. Yau a ce shugaba yana taro, gobe a ce ya yi tafiya. Ranar da kika same shi ina tare da ke, don haka ba labari aka ba ni ba. Ɗaki ne mai sanyin na'ura, kuma a bango, a bayan kujerarsa, ga ƙaton hoton hanyar nan, an ɗauke shi daga ƙolin da kike sa mutane su sha ruwa.

“Mama, ai abin na ɗan lokaci ne,” in ji shi. “An tsara lokutan da motocin za su riƙa wucewa.”

“Wa aka gaya wa lokutan?” kika ce. “Ni dai ba a gaya mini ba. Baƙin da kuke kira a talla ma ba a gaya musu ba.”

“Mama, kin yi iya naki, kowa ya shaida. Ki je ki huta, ki bar mana sauran.”

“Ɗana, hutu yana nan zuwa, ba sai ka tuna mini ba. Ni tambaya ɗaya na zo da ita. A kwanar da ke saman gada, dutse ne a hagu, kogi a dama. In mota ta shigo da kaya, ina mai keke zai shiga?”

Murmushi ya yi, ya danna ƙararrawa, ya sa aka kawo miki riga mai tambarin ofishin. Kika ninke ta, kika ajiye masa a kan kujerar da kika tashi, muka fito.

Tun daga ranar kika daina kai kowa wannan sashe. Kika riƙa zuwa bakin hanyar da safe, ki zauna wajen mai shayi, duk mai keken da ya zo ki juya shi ta hanyar sama, wadda ta fi wuya amma babu mota. Ofishin kuwa bai canja ko layi ɗaya a taswirarsa ba, ya ci gaba da raba ta.

Ga abin da ya faru ranar Laraba, kamar yadda waɗanda suke wurin suka faɗa mana, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wasu malaman makaranta mata da suka yi ritaya, ƙawayen juna, sun zo daga nesa da kekunansu da taswirar ofishin a hannu. Suka riga ki isa bakin hanyar. Mai shayi ya yi musu magana, suka nuna masa taswira suka ce ai ga shi an rubuta babu mota, suka wuce. Kina isowa ya gaya miki. Ya ce ko shayin da ya zuba miki ba ki kalla ba, kika juya keke kika bi su.

Wannan dattijuwar da suka ce ta kasa riƙe kekenta, ita ce ta cim musu a kan hawa. Kika riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya kina cewa su sauka su manne da dutse, don kin riga kin ji rurin mota daga sama. Duk suka sauka, sai ta gaba, wadda kunnenta ba ya ji sosai, ta kusa shiga kwanar. Kika taka da ƙarfi kika kamo ta, kika tura ta cikin wani ɗan tsagi a jikin dutsen wanda mutum ɗaya kawai zai ɗauka. Sa'annan kika ciro mayafinki, kika shiga kwanar kina kaɗa shi, don direban ya gani ya rage gudu kafin ya iso inda sauran suke. Ya gani. Ya taka birki. Amma mota ce cike da dutse a kan gangare, ga tsakuwa a ƙasa. Ta ja, ta same ki, ta tsaya kaɗan kafin ta kai ga matan nan. Ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinsu.

Ba ki suma ba. Abin da kika fara tambaya shi ne, “Kowa lafiya?” Da suka ce lafiya, sai kika koma aikinki. Malamar da kika ceta ta kasa ɗaure miki cinya, kika ce mata, “Sama da nan, 'yar'uwa. Ki ja da ƙarfi, ba zan tsinke ba.” Aka kira motar asibiti, aka ce ta fita wani aikin. Matan nan da direban tifar suka ɗauko ki a hannu har gada, mai lemo ya zubar da rabin kayansa a gefen titi ya shimfiɗa miki buhuna. Kina salati a hankali, in ji su, har muryar ta ɗauke.

To wannan ne tsufan? Wannan ne rashin sanin iyakar ƙarfi? Wanda ya zauna ya tsara waccan sanarwa, ya san an tuge turaku, ya san wanda ya ba da izini, ya san kin zo kin faɗa, amma ya zaɓi kalmar da za ta wanke ofishinsa ta bar ki da kunya. Ba tsufa ne ya kayar da ke ba, Inna. Mutane ne masu ofis da tambari suka ga tazarar zagaye tsauni ta fi ran ɗan Adam nauyi.

Kuma ba su ji kunyar zuwa gaisuwa ba. Shugaban ofishin ya zo da tawagarsa da mai ɗaukar hoto, ƙamshin turarensu ya cika falon. Ya yi doguwar addu'a, ya kira ki uwa, ya ce an yi babban rashi. Sa'annan ya gyara murya ya ce ofishinsu ya yanke shawarar sa wa hanyar sunanki, kuma duk shekara za a riƙa yin tseren kekuna don tunawa da ke. Ya dakata yana jiran godiya. Mijina ya sunkuyar da kai. Baba ne ya yi magana, tsohon da idonsa ya yi rauni, wanda tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

“Mun gode da kuka zo,” ya ce. “Amma sunanta ba ya tare mota. Ku bar mata sunanta, na gida ne. Ku mayar da turakun.”

Mai hoton ya sauke na'urarsa. Suka ɗan zauna, suka tashi, ba su ce za su mayar ba, ba su ce ba za su mayar ba.

Mutum ɗaya aka kama a kan mutuwarki, shi ne direban. Baƙo ne a yankin, sabon ɗauka, shugabansa ya nuna masa hanyar ya ce nan ake bi, kuma babu allon da zai gaya masa akasin haka. Bai gudu ba. Shi ya tallafi kanki har gada, rigarsa duk jininki. Yana tsare har yanzu, waɗanda suka aike shi kuwa suna kwana a gidajensu. Matarsa ta zo mana da goyo, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Baba ya ji kukanta, ya tambaya, aka gaya masa. Ya ce a shigo da ita, a ba ta abinci, a shimfiɗa wa jaririn. Washegari mijina ya je wurin 'yan sanda ya faɗa musu cewa mu ba da direba muke shari'a ba, su nemo wanda ya ce a tuge ƙarfe. Suka ce sun ji.

Da mutanen tsauni suka ga shiru, sai suka tashi da kansu. Mai faci da mai walda suka yanko bututu, manomin kan gangare ya kawo yashi da amalankensa, suka kafa sababbin turaku. Kamfanin ya aiko aka tuge. Suka sake kafawa, aka sake tugewa. Daga nan sai mata suka fito, waɗanda kika karɓi haihuwarsu da waɗanda kika karɓi haihuwar 'ya'yansu, daga gangare, daga ƙetare, daga can sama. Suka kwantar da kekuna a gicciye a bakin hanyar, suka shimfiɗa tabarmi, suka zauna. Matar mai burodi tana kawo musu na safe, mai shayi ya matso da teburinsa. Malaman nan da kika ceta sun fasa komawa garinsu, suna cikin masu zaman, kuma duk wanda ya tsaya sai sun ba shi labarin abin da idonsu ya gani. Ni ma ina zuwa. Tun da aka fara zaman, tifa ko ɗaya ba ta bi ta nan ba, sun koma babban titi, kuma tsaunin bai cinye su ba. Ofishin ya ce yana bincike. Mu dai ba za mu tashi ba sai an kafa ƙarfe da izinin hukuma, an mayar da allo, an saki bawan Allahn nan, an kira wanda ya ba da umarni da sunansa.

Na san da kina nan za ki ce in sassauta, fushi ba ya kai keke ƙoli. Ki gafarce ni, Inna, ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyarki in ce na kai ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka san rayukan da suka shigo duniya ta hannunta, Ka san waɗanda ta tsaya a gabansu ranar ƙarshe. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa mutuwa ta zama hutu gare ta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka sa duk gumin da ta zubar a kan tsaunukan nan ya zama nauyi a mizaninta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya rasa abokiyar zama da abokiyar tsokana. Allah Ya riƙa masa, Ya sanyaya zuciyarsa. Ina miƙa ta ga mijina da ƙannensa maza da mata, ga jikokinta, ga 'yan'uwanta, ga abokan aikinta na asibitin kan tsauni, da duk mutanen garuruwan bakin kogi, waɗanda rashin nan nasu ne kamar yadda yake namu. Allah Ya kuɓutar da wanda aka tsare ba da haƙƙinsa ba, Ya shiryi waɗanda suka ci amana in masu shiryuwa ne, in kuwa ba haka ba, Shi ne Mai hisabi, kuma babu sanarwar da ake rubuta maSa.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Mu da kika bari, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya ba mu haƙurin rashinki. Amma kada Ya ba mu irin haƙurin da zai sa mu yi shiru. Amin.